Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Tunani A Kan Biyayya Da Lamiri



Muna so mu yi tunani tare a kan wata tambaya wadda ta shafi kowane Kirista da ke aiki a ƙarƙashin wani, ko mai kayan sarki ne, ko akawun ofis, ko direba, ko masinja. Idan na gaba da mu ya umarce mu mu yi mugunta, muka kuwa yi, a wuyan wa alhakin ya ke? Da yawa sukan amsa cewa alhaki na wanda ya ba da oda ne, ɗan aike ba ruwansa. Domin mu auna wannan amsa, za mu duba abin da ya faru a ƙasar Faransa cikin shekara ta 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da 'yan sandan ƙasar suka kama Yahudawa dubbai suka miƙa su ga masu kashe su. Labari ne mai ɗaci, amma akwai darasi a cikinsa ga duk mai son ya tsaya gaban Allah da hannu mai tsabta.

YADDA AKA SHARE FAGE

A watan Yuni na 1940 sojojin Hitila suka ci Faransa da yaƙi. Aka raba ƙasar biyu: arewa, har da birnin Faris, tana hannun sojojin Jamus; kudu kuwa tana hannun gwamnatin Faransawa wadda ta zauna a garin Vichy, ƙarƙashin Mashal Pétain. Wannan gwamnati ce kuma ta riƙe ƙasar Nijar da sauran ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma har wajen ƙarshen 1942. A kudu da arewa duka, 'yan sanda da jandarmomi Faransawa ne, kuma daga gwamnatin Vichy su ke karɓar albashi.

Mugunta ba ta soma da kisa ba. Da takarda ta soma. A watan Satumba na 1940 Jamusawa suka ba da doka cewa kowane Bayahude a yankinsu ya je ya yi rajista. Ofishin 'yan sandan Faris ne ya karɓi sunayen, kimanin mutum 150,000. Akawuna ƙarƙashin wani jami'i mai suna André Tulard suka zauna suka jera katuna bisa ga suna, da titi, da sana'a, da ƙasar da mutum ya fito. A watan Oktoba na wannan shekara gwamnatin Vichy, bisa ga ra'ayin kanta, ta kafa dokar da ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati, da koyarwa, da aikin jarida. A watan Yuni na 1942 aka tilasta wa kowane Bayahude a arewa, daga ɗan shekara 6 zuwa sama, ya liƙa tauraro mai ruwan ɗorawa a ƙirjin rigarsa.

Jamusawa suna son kwashe Yahudawa zuwa gabas, amma 'yan sandansu a Faransa ba su da yawa, ba su kuwa san lunguna da gidaje ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. A farkon watan Yuli na 1942 shugaban 'yan sandan Vichy, René Bousquet, ɗan shekara 33, ya zauna da manyan 'yan Nazi, ya amince cewa 'yan sandan Faransa za su yi kamen da kansu, muddin Yahudawa baƙi za a kama, watau waɗanda suka yi ƙaura daga Polan, da Jamus, da Rasha da wasu ƙasashe. Dalilinsa shi ne kada baƙi su riƙa yin aikin 'yan sanda a ƙasarsa. Yana ganin haka zai kare martabar gwamnati. Shugaban gwamnati, Pierre Laval, ya ƙara da shawarar a haɗa da yara 'yan ƙasa da shekara 16, alhali kuwa a lokacin Jamusawa ba su riga sun nemi yaran ba.

ASUBAHIN 16 GA YULI

Da misalin ƙarfe 4 na asubahin ranar 16 ga Yuli 1942, 'yan sanda kimanin 4,500 suka bazu cikin Faris da kewayenta, kowace ƙungiya da katunanta a hannu. Takardar umarnin da aka ba su ta ce su yi aiki da sauri, ba gardama, ba sauraron roƙo, ba duban rashin lafiya. Ta ce su tabbata an kashe lantarki da ruwa a gidan, a bar mabuɗi da dabbobin gida wajen mai kula da ginin ko maƙwabci. Ku lura da wannan, 'yan'uwa: an tuna da mabuɗi, an tuna da kyanwa, amma ba a tsaya tambayar inda za a kai masu gidan ba.

Cikin 'yan kwanaki aka kama mutum 13,152: maza 3,118, mata 5,919, yara 4,115. Yawancin yaran an haife su a Faransa. Ba Bajamushe ko ɗaya cikin masu buga ƙofa. Motocin bas na birnin, waɗanda kullum su ke kai mutane wajen aiki, su aka yi jigila da su. Marasa yara aka wuce da su sansanin Drancy. Iyalai masu yara, fiye da mutum 8,000, aka zuba su cikin wani babban filin tseren keke mai rufi da a ke kira Vélodrome d'Hiver. Suka yi wajen kwana biyar a can cikin zafin Yuli, ruwa ƙalilan, abinci ƙalilan, bayan gida ya toshe, marasa lafiya da masu ciki suna kwance a kan benci da ƙasa. Wasu 'yan kwana-kwana da suka shiga wurin ne suka ji tausayi, suka buɗe tiyonsu suka shayar da mutane.

Daga nan aka kai su sansanonin Pithiviers da Beaune-la-Rolande, inda jandarmomin Faransa ke gadi. A ƙarshen Yuli da farkon Agusta aka raba uwaye da 'ya'yansu da ƙarfin tsiya, aka loda iyayen cikin taragun dabbobi zuwa Auschwitz, a ƙasar Polan da Jamus ta mamaye. Yaran suka zauna su kaɗai, wasu ba su ma iya faɗin sunansu ba saboda ƙuruciya. Daga tsakiyar Agusta aka bi da su ta Drancy zuwa wannan wuri, inda aka hallaka su cikin ɗakunan iskar guba. Kusan babu wanda ya dawo. A ranar 26 ga Agusta aka yi wani kamen a kudu, yankin da babu sojan Jamus a lokacin, aka kama fiye da mutum 6,000. Kafin yaƙin ya ƙare an kwashe Yahudawa kimanin 76,000 daga Faransa, yara wajen 11,000 a cikinsu, 'yan dubbai kaɗan ne suka komo da rai.

Mu ƙidaya hannuwan da suka taɓa wannan aiki. Akwai hannun akawun da ya rubuta kati, da na ɗan sandan da ya buga ƙofa, da na direban bas, da na jandarman da ya tsare ƙofar sansani, da na ma'aikacin tashar jirgin ƙasa. Kowannensu zai iya cewa, ni ban kashe kowa ba. Amma in an cire waɗannan hannuwa, da masu kisan ba su sami waɗanda za su kashe da yawa haka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka nan mugu ɗaya ba ya iya hallaka al'umma sai ya sami masu kama masa.

WAƊANDA SUKA ƘI

Wani zai ce, to, me ƙaramin ma'aikaci zai iya yi? Tarihi ya ba da amsa cikin wannan mako ɗin. A Faris katunan da aka fitar sun haura 27,000, amma waɗanda aka kama ba su kai rabi ba. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne wasu 'yan sanda sun raɗa wa mutane tun kafin ranar, wasu kuma sun buga ƙofa suka ce za su dawo bayan awa ɗaya, suka juya baya.

A garin Nancy, gabashin Faransa, abin ya fi haka. Shugaban sashen 'yan sanda mai kula da baƙi, Édouard Vigneron, da mataimakinsa Pierre Marie, da abokan aikinsu ƙalilan, suka sami labari cewa za a yi kame ranar 19 ga Yuli. Su ne suka fi kowa sanin gidajen Yahudawa baƙi, gama a gabansu a ke sabunta takardu. Ranar 18 ga wata suka bi gida gida suna cewa kowa ya gudu, suka ba wasu takardun da za su ɓoye asalinsu, suka raka wasu har tashar jirgi. Da gari ya waye aka fita kame, cikin mutum wajen 385 da a ke nema, kimanin 30 kaɗai aka samu. Daga baya Jamusawa suka kama Vigneron suka tsare shi a kurkuku, ya kuma rasa muƙaminsa. Bayan yaƙi, cibiyar tunawa ta Yad Vashem a Urushalima ta sa sunansa da na Marie cikin adalan al'ummai waɗanda suka ceci Yahudawa. A birnin Lyon kuma, a ƙarshen Agusta 1942, Janar Robert de Saint-Vincent ya ƙi ba da mutanensa domin a yi rakiyar waɗanda aka kama, aka kuwa sauke shi daga muƙaminsa.

Kaki iri ɗaya ne, oda iri ɗaya ce, albashi daga aljihu ɗaya ya ke fitowa. Sanin unguwa da ya zama tarko a Faris, shi ne ya zama hanyar tsira a Nancy. Ashe akwai zaɓi. Zaɓin yana da tsada, amma yana nan, kuma saboda yana nan ne mutum ba zai iya fakewa da cewa aiko shi aka yi ba.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA MANA

Littafi Mai Tsarki bai raina hukuma ba. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura 13, ya gargaɗe mu mu yi biyayya ga mahukunta, domin Allah ya ba su iko su zama bayinsa saboda alherin jama'a, su tsorata masu mugunta, su kare masu gaskiya. Sa'ad da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su tuɓe kayan sarki ba. Ya hana su ƙwace, ya hana su ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su (Luka 3:14). Aikin ɗan sanda aiki ne mai daraja, kuma garin da ba shi da masu tsaro, mai ƙarfi ne zai cinye mara ƙarfi.

Amma ikon da Allah ya bayar domin kare rai ba ya zama izinin hallaka marar laifi. Fir'auna ya umarci ungozomai biyu, Shifra da Fu'a, su kashe jarirai maza na Ibraniyawa. Suka ƙi domin suna tsoron Allah, Allah kuwa ya sa musu albarka (Fitowa 1:15-21). Sarki Saul ya umarci dogaransa su kashe firistocin garin Nob. Dogaran suka ƙi ɗaga hannu, sai da ya juya ga Doyeg mutumin Edom, wanda ya kashe firistoci 85 a rana ɗaya (1 Sama'ila 22). Hirudus bai taka ƙafarsa zuwa Baitalami ba. Waɗanda ya aika ne suka shiga gidaje suka fizge yara daga hannun uwayensu. Kowace ranar 28 ga Disamba Ikilisiya tana tunawa da waɗannan yara marasa laifi. Bilatus ya wanke hannunsa da ruwa a gaban jama'a, duk da haka, a cikin Shaidar Bangaskiya da mu ke furtawa kowace Lahadi, sunansa yana nan manne da shan wuyar Ubangiji. Da majalisar shugabanni ta hana manzanni yin wa'azi, Bitrus ya amsa cewa biyayya ga Allah ita ce gaba da biyayya ga mutum (Ayyukan Manzanni 5:29).

A kan wannan tushe Ikilisiya ta gina koyarwarta. Majalisar Batikan ta Biyu, a 1965, ta la'anci duk wani shiri na shafe wata al'umma ko kabila, ta ce makauniyar biyayya ba ta wanke wanda ya aikata ba, ta kuma yaba wa masu ƙarfin halin da suka ƙi bin irin wannan oda. Katikisim na Ikilisiyar Katolika, a lamba ta 2313, ya maimaita cewa wajibi ne mutum ya ƙi umarnin kisan ƙare dangi. Ranar da aka ba mutum kaki ba a karɓe lamirinsa ba. A ranar shari'a ba za a kira mu bataliya bataliya ko ofis ofis ba. Kowa da sunansa za a kira shi.

MURYAR MAKIYAYA

Gaskiya ɗaci gare ta, amma dole a faɗe ta. Lokacin da aka kafa dokokin wariya a 1940 da 1941, bishop-bishop na Faransa ba su fito fili suka yi magana ba. Bayan kamen Yuli, manyansu sun aika wa Pétain da wasiƙar koke, amma ba a karanta ta a majami'u ba. Tsohuwar ƙiyayyar Yahudawa, wadda ta daɗe cikin zukatan Kiristocin Turai da yawa, ta sa lamirin mutane ya yi barci.

Wanda ya fara fasa wannan shiru a fili shi ne Babban Bishop na Toulouse, Jules-Géraud Saliège, dattijo mai fama da shanyewar jiki, wanda ko magana da ƙyar ya ke yi. Ranar Lahadi 23 ga Agusta 1942 aka karanta gajeriyar wasiƙarsa a majami'un dayosis ɗinsa, ko da ya ke hukuma ta yi ƙoƙarin hanawa. Ya tuna wa Kirista cewa Yahudawa mutane ne, maza da mata, iyaye da 'ya'ya, 'yan'uwanmu ne, ba kuwa halal ba ne a loda su kamar garken dabbobi. Bayan mako guda aka karanta wasiƙar Bishop Pierre-Marie Théas na Montauban, wadda wata baiwar Allah, Marie-Rose Gineste, ta yi ta rabawa a kan keke daga Ikilisiya zuwa Ikilisiya. A kusa da Lyon, Fada Alexandre Glasberg da Fada Pierre Chaillet, tare da Yahudawa da Furotesta masu aikin ceto, suka fitar da yara fiye da 100 daga sansanin Vénissieux, Kadinal Gerlier kuma ya ƙi yarda a mayar da su hannun hukuma. Bishop-bishop ƙalilan ne suka yi magana, duk da haka a farkon Satumba Laval ya roƙi Jamusawa su sassauta bukatunsu saboda damuwar da ya ke samu daga wajen Ikilisiya. Kashi uku cikin huɗu na Yahudawan Faransa sun tsira daga yaƙin, da yawansu saboda talakawa, da sistoci, da manoma, da fastoci waɗanda suka buɗe ƙofofinsu. In maganar mutum kaɗan ta yi wannan tasiri a 1942, da me za ta yi in an furta ta tun 1940?

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bousquet ya kuɓuce wa hukunci mai nauyi a shari'ar 1949, ya shiga harkar banki, amma daga baya aka sake tuhumarsa. Wani mutum ya harbe shi a 1993 kafin a gurfanar da shi. Ranar 16 ga Yuli 1995 Shugaba Jacques Chirac ya amsa a bainar jama'a cewa hukumar Faransa tana da hannu cikin wannan ta'asa. Ranar 30 ga Satumba 1997 bishop-bishop na Faransa suka tsaya a Drancy, suka furta cewa shirun magabatansu laifi ne, suka roƙi gafarar Allah, suka kuma roƙi Yahudawa su ji tubansu. Tun 1965 Majalisar Batikan ta Biyu ta riga ta koyar cewa ba za a ɗora wa Yahudawa duka alhakin mutuwar Yesu ba, ta kuma yi tir da ƙiyayyarsu a kowane zamani. Kada mu manta cewa Ubangijinmu Bayahude ne, haka uwarsa Maryamu, haka manzanninsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, yawancin waɗanda suka fita kame a wancan asubahi ba dodanni ba ne. Magidanta ne masu tunanin abincin iyali, da ƙarin girma, da fansho. Da yawansu an yi musu baftisma. Wannan shi ne abin tsoro, domin irin mu ne. Saboda haka muna roƙonku ku riƙe abubuwa uku.

Na fari, lamiri ba ya tashi tsaye ranar babbar jarrabawa in ba a saba masa da tsayuwa cikin ƙananan abubuwa ba. Wanda ya saba sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce, ko tsare marar laifi domin ya faranta wa maigida rai, ko kawar da kai saboda ɗan abin goro, ranar da aka miƙo masa babbar mugunta zai tarar hannunsa ya riga ya saba.

Na biyu, mu yi hattara da ranar da aka fara kiran mutane da sunan kabilarsu ko addininsu ko baƙuncinsu a maimakon sunan da iyayensu suka raɗa musu. A Faransa an fara da baƙi domin an san ba su da mai tsaya musu, daga baya aka kai ga 'yan ƙasa. Duk wanda ya san gidan wane da gidan wance, ko mai unguwa ne, ko malamin makaranta, ko maƙwabci, amana ce a hannunsa. Kada bakinmu ko yatsanmu ya zama abin da zai nuna wa mai mugunta ƙofar wani.

Na uku, kada mu bar mai ƙin mugunta ya tsaya shi kaɗai. In ɗan'uwa ya rasa aikinsa domin ya ƙi zaluntar marar laifi, hakkin Ikilisiya ne, da Zumuntar Mata, da ƙungiyoyin maza da na matasa, su tallafi iyalinsa. Mutum yakan sami ƙarfin cewa a'a in ya san 'ya'yansa ba za su kwana da yunwa ba. Mu firistoci da katekis kuma, nauyi ne a kanmu mu yi magana tun da sauran lokaci.

Ku 'yan'uwanmu masu kayan sarki, muna girmama aikinku, mun san wahalarsa da haɗarinsa. Ku riƙe shi kamar Karniliyus, jarumin sojan Roma mai tsoron Allah, wanda addu'arsa da sadakarsa suka kai gaban Ubangiji.

Mu yi addu'a. Ya Allah na Ibrahim, da Ishaku, da Yakubu, ka tuna da 'ya'yanka waɗanda aka fizge daga gidajensu aka hallaka, musamman ƙananan yara. Ka ba masu mulki tsoronka, ka ba masu tsaronmu zuciya mai adalci, mu kuma ka ba mu lamiri mai farkawa da ƙarfin halin yi maka biyayya fiye da kowa. Mun roƙa ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.